Lenovo, HP, Dell da Apple: wane ma'auni ake bi a gane wanda ya fi ƙarfin kuɗi?

Ɗalibin Akanta ya rubuta:

Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Ina ajin ƙarshe a sashen akanta a nan Kano, kuma aikin binciken da aka ba ni shi ne kwatanta ƙarfin kuɗin manyan kamfanonin ƙera kwamfuta. Ga cinikin shekara da na tsamo daga rahotanninsu na 2024 da farkon 2025: Apple dala biliyan 391, Dell biliyan 95.6, Lenovo biliyan 69.1, HP biliyan 53.6. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, Lenovo ne kan gaba a yawan kwamfutocin da ake sayarwa a duniya, amma tsantsar ribarsa ba ta wuce dala biliyan 1.4 ba, alhali HP da bai kai shi ciniki ba ya ci biliyan 2.8. Sannan idan ka shiga Farm Centre ko Beirut Road, HP da Dell ne suka cika kantoci. To da wanne zan auna, ciniki, riba, ko yawan kaya? Kuma a wane ɓangare na rahoton zan nemi abin da ya dace? Allah ya saka da alheri.

Malam Odita ya amsa:

Wa'alaikumus salam. Ɗana, lambobinka daidai ne, amma idan ka jera su a haka ka yanke hukunci, malaminka zai dawo maka da aikin. Gyara biyu ake yi kafin a fara raba wannan da wancan.

Gyaran farko na lokaci ne. Kowanne a cikinsu da ranar da yake rufe littafinsa. Apple yana rufewa a Asabar ɗin ƙarshe ta Satumba, HP ranar 31 ga Oktoba, Dell a Juma'ar da ta fi kusa da 31 ga Janairu, Lenovo kuma 31 ga Maris. Sunan shekarar ma yana ruɗa mutane. Wadda Dell ya kira shekarar 2025 ta ƙare ne ranar 31 ga Janairun 2025, ka ga wata 11 daga cikinta a 2024 suke. Abokiyar tafiyarta ita ce 2024 ta HP da 2024/25 ta Lenovo. Kai ka haɗa su daidai, amma duk da haka akwai wata shida tsakanin rufewar Apple da ta Lenovo, kuma wata shida a kasuwar kwamfuta ya isa farashin RAM, wato ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta, ya juya. Maganinsa shi ne ka ɗauko rahotannin wata uku-uku, ka tara guda huɗun da suka fi kusa da Janairu zuwa Disamba. Zangunan HP da Dell suna ƙarewa a Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba, na Lenovo da Apple kuma a Maris, Yuni, Satumba da Disamba. Tazarar wata ɗaya za ta rage, sai ka faɗe ta a babin hanyar bincike. Ka kuma lura da shekara mai mako 53, kamar 2023 ta Dell da 2023 ta Apple. Makon nan guda yana ƙara wa ciniki kusan kashi 2 cikin 100 ba tare da kasuwa ta motsa ba.

Gyara na biyu shi ne babba. Babu ɗaya daga cikinsu da kwamfuta kaɗai yake sayarwa, don haka jimillar da ke saman rahoto ba cinikin kwamfuta ba ce. Kamfanonin Amurka suna miƙa rahoton shekara mai suna 10-K ga hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, ana samunsa kyauta a rumbunta na EDGAR. Na Lenovo yana shafin kasuwar hannun jari ta Hong Kong. A kowanne ka wuce hotuna da jawabin shugaba, ka nemi bayanin sassan kasuwanci a can cikin ƙarin bayanan lissafi.

HP sashe biyu gare shi. Personal Systems, wato kwamfutoci, ya yi cinikin dala biliyan 36.2 a 2024, ribar gudanarwa kimanin kashi 6 cikin 100, wajen biliyan 2.2 ke nan. Printing, wato firinta da tawada, cinikinsa biliyan 17.3 ne kawai, amma ribarsa kashi 19, wajen biliyan 3.3. Sashen da ya kawo sulusin ciniki shi ya kawo kusan kashi 60 na ribar sassan. Wannan ita ce amsar rabin tambayarka: HP ya fi Lenovo riba ne saboda tawada.

Dell ma biyu ne. Client Solutions Group, na kwamfutoci da allunan kallo, ya yi biliyan 48.4 da riba kimanin kashi 6. Infrastructure Solutions Group, na injinan saba (manyan kwamfutocin cibiyoyin bayanai) da ma'ajiyar bayanai, ya yi biliyan 43.6 da riba kusan kashi 13.

Lenovo uku ne. Intelligent Devices Group ya yi wajen biliyan 50 da riba a kewayen kashi 7, sai dai a cikinsa har da wayoyin Motorola, wanda ya saya daga Google a 2014, da kwamfutocin hannu, wato tablet. Sashensa na saba asara ya yi a 2023/24. Sashen hidimomi kuma yana cin sama da kashi 20, amma ƙarami ne.

Yanzu jera su: 6, 6, 7. A sana'ar kwamfuta zalla su ukun kan-kan-kan suke, Lenovo ma ya ɗan ɗara. Dalili a fili yake. Dukkansu furosesa daga Intel ko AMD suke saya, Windows daga Microsoft, RAM daga Samsung, SK Hynix ko Micron, kuma mafi yawan haɗa kwamfutocin tafi-da-gidanka kamfanonin Taiwan ne ke yi musu, su Quanta, Compal, Wistron da Inventec. Lenovo yana da nasa masana'antun, har da babba a Hefei. Kitsen ribar masu furosesa da manhaja ne ke kwashewa, mai tambari ya tsira da ɗan abin da ya rage.

Abin da ya sauko da Lenovo daga kashi 7 a sashe zuwa kashi 2 a tsantsar riba shi ne sashen saba da ba ya kawo komai, da kuɗin ruwa, da kuɗin hedikwata da ba a raba wa sassa ba, da haraji. Kowane kamfani yana da teburin da yake daidaita ribar sassa da ribar ƙarshe. Ka kwafe shi gaba ɗaya cikin aikinka, domin abin da wannan ya ɗora wa sashe, wancan yana iya barinsa a hedikwata.

Hajiya Mai Lissafi ta amsa:

Malam ya gama da riba, Allah ya ƙara ilimi. Ni zan ja hankalin ƙanina zuwa takardar kadara da bashi da ta shige-da-ficen kuɗi, don a nan ne ɗalibai suka fi faɗawa rami.

Littafin aji ya ce kadarorin kusa, wato waɗanda za su koma kuɗi cikin shekara, su ninka basukan kusa, waɗanda za a biya cikin shekara, sau biyu. Idan ka auna HP, Dell, har da Apple a 2024, duk ƙasa da ɗaya za ka samu. Kada ka rubuta cewa suna bakin karyewa. Tsarin sana'ar ne haka, kuma lissafin kwanaki uku ne zai nuna maka.

Kwanakin karɓar bashi: bashin da kamfani ke bin masu saye, a raba da cinikin zangon, a ninka da 90. Kwanakin haja: kayan da ke sito, a raba da kuɗin da aka kashe kan kayan da aka sayar, a ninka da 90. Kwanakin biya: bashin da masu kawo kaya ke bin kamfani, a raba da wannan kuɗin kayan dai, a ninka da 90. Ka tara biyun farko, ka debe na uku.

Gwada da HP a ƙarshen Oktoban 2024. Yana bin mutane dala biliyan 5.1, kwana 33 ke nan. Haja ta biliyan 7.7, kwana 63. Ana binsa biliyan 16.9, kwana 138. Idan ka tara 33 da 63 ka debe 138, ya sauka ƙasa da sifili da kwana 42. Ma'ana ya sayar ya karɓi kuɗinsa mako shida kafin ya biya wanda ya ba shi kayan. Kamar ɗan kasuwar Singa ne da kamfani ke sauke wa tirela bashi, ya sayar, ya juya kuɗin, sannan ya biya. Dell ne ya shahara da wannan tun zamanin da yake haɗa kwamfuta sai an yi oda an biya.

Amma tsarin yana da ranar ƙin dillanci. Muddin ciniki yana hawa, kuɗi yana shigowa fiye da riba. Ranar da ciniki ya faɗi, tsohon bashi ya nuna, sabon kuɗi bai shigo ba, sai aljihu ya bushe ko da takarda tana nuna riba. HP ya ga haka a zangon farko na shekararsa ta 2023: ya ci riba, amma rarar kuɗin hannu bayan sayen kayan aiki ta sauka ƙasa da sifili. Shi ya sa ba a auna wannan da zango ɗaya. A shekarar 2024 cikakkiya, rarar tasa dala biliyan 3.3 ce.

Rami na biyu shi ne riba a kan jarin masu hannun jari. HP da Dell dukkansu jarin nan nasu a takarda yana ƙasa da sifili, saboda shekaru suna sake sayen hannayen jarinsu da raba riba fiye da abin da suke tarawa. Idan ka raba riba da lambar da ke ƙasa da sifili, amsar ba ta da ma'ana ko kaɗan. Ka yi amfani da riba a kan jimillar kadara, ka kuma auna bashi da ribar gudanarwa: sau nawa ribar za ta biya kuɗin ruwan shekara. A bashin Dell, wanda ya haura dala biliyan 20, ka ware kason Dell Financial Services. Wannan kuɗi ne da ya ranto domin ya ba masu saye kaya bashi, akwai abin da ake binsu a madadinsa. Kamfanin da kansa yana raba su a rahoto.

Idan za ka koma baya shekaru da yawa, ka san inda layin ya tsinke. Hewlett-Packard ya rabu biyu a Nuwamban 2015, HP Inc. ya ɗauki kwamfuta da firinta, Hewlett Packard Enterprise ya ɗauki saba. Dell ya fita daga kasuwar hannun jari a 2013, ya sayi kamfanin ma'ajiyar bayanai EMC a 2016 kan kimanin dala biliyan 67, ya dawo kasuwa a Disambar 2018, ya saki kamfanin manhaja VMware a Nuwamban 2021. Dell na 2015 da na 2022 suna kawai suka haɗa.

Sai batun riba iri biyu da za ka gani, ta GAAP, wato ƙa'idar lissafin Amurka, da wadda suke kira non-GAAP. Ta biyun sun cire mata kuɗin sallamar ma'aikata, da hannun jarin da ake biyan ma'aikata da shi, da zaizayar darajar kamfanonin da suka saya. Kowa da abin da yake cirewa. Ra'ayina ka tsaya kan ta farko, domin kamfanin da yake sallamar ma'aikata kusan kowace shekara ba zai ce abu ne na lokaci ɗaya ba. Lenovo kuma ƙa'idar lissafin Hong Kong yake bi, wadda ta yarda a mai da wani ɓangare na kuɗin ƙirƙirar kaya kadara, alhali ƙa'idar Amurka galibi kashewa take ɗaukarsa nan take.

Ɗalibin Akanta ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai Malam, na gode Hajiya. Saura biyu. Yawan HP da Dell da ake gani a kasuwanninmu yana da wurin shiga a lissafin? Sannan yaya zan yi da Apple, tunda ban ga sashen Mac a rahotonsa ba?

Dilan Kwamfuta ya amsa:

Ƙanina, ta farkon tamu ce 'yan kasuwa. Abin da ido ke gani a kanta a Kano ba ya cikin littafin kowane kamfani. Mafi yawan EliteBook na HP, Latitude na Dell da ThinkPad na Lenovo da ke Farm Centre na hannu ne. Ma'aikatu da bankunan Turai da Amurka ne suka yi shekara uku ko huɗu suna aiki da su, aka tattaro, suka biyo ta Dubai ko Ikko suka iso. Kamfanin ya ci kuɗinsa tun ranar sayarwar farko, ko sisi ba ya samu a ta biyu. Yawansu a nan yana nuna maka wa ya riƙe kasuwar ofisoshi shekarun baya ne. Hakan kuwa ya dace da rahotanninsu: sama da kashi 80 na cinikin kwamfutar Dell na ma'aikatu ne, na HP kimanin kashi 70.

Sababbi kuma ta hannun manyan diloli suke shigowa, kuma kamfani yana rubuta ciniki ne lokacin da kaya suka koma hannun dila, ba lokacin da mai amfani ya saya ba. Najeriya ba ta da layinta a rahoton, tana cikin dunƙulen Turai, Gabas ta Tsakiya da Afirka.

Wannan ya kawo mu kan alƙaluman yawan kaya da kamfanonin binciken kasuwa IDC da Gartner ke fitarwa. Abin da aka tura wa diloli suke ƙirgawa. A 2024 IDC ya ƙiyasta kwamfuta miliyan 260 da 'yan kai a duniya: Lenovo kimanin kashi 23 zuwa 24, HP kashi 20, Dell kashi 15, Apple kusan 9. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa, domin ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba, jimillarsu takan bambanta da miliyoyi. Haɗarin shi ne kamfani yana iya danna wa diloli kaya zango ya yi kyau, kayan kuma suna jibge a sito. Kwamfuta ba ta jure zama. Da sabon furosesa ya fito, ta jiya ta rage daraja, sai an karya farashi, kuma kamfani ne ke cike wa dila giɓin. Acer ya sha wannan a 2011, ya share kimanin dala miliyan 150 saboda kayan da suka taru a hannun dilolinsa na yankin Turai. Idan ka ga haja da bashin da ake bin diloli suna hawa fiye da ciniki, to ka sa alama.

Ka kuma kula da shekarar da za ka fara. Lokacin korona kowa ya koma aiki da karatu daga gida, aka fitar da kusan miliyan 350 a 2021. Zuwa 2023 ya dawo wajen miliyan 260. HP ya sauko daga dala biliyan 63.5 a 2021 zuwa 53.7 a 2023. Lenovo daga 71.6 zuwa 56.9. Dell daga 101.2 zuwa 88.4. Mac daga 40.2 zuwa 29.4 cikin shekara ɗaya. Wanda ya fara daga 2021 zai ce duk sun lalace, wanda ya fara daga 2023 zai ce duk suna bunƙasa. Fara daga 2019 ka ga hawan da saukar duka. Ƙarshen tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025 shi ma turi ne na lokaci: Windows 11 yana neman cif ɗin tsaro na TPM 2.0 da furosesan Intel daga tsara ta 8 zuwa sama, ma'aikatu suka sabunta, 'yan tsara ta 6 da ta 7 kuma suka gangaro mana.

Kada ka mai da lissafin zuwa naira. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, a 2024 ta haura 1,500. Kwamfutar dala 600 ta tashi daga naira 276,000 zuwa 900,000 ba tare da kamfanin ya ƙara ko santi ba. Ka bar komai a dala.

Ƙari ɗaya kan maganar Malam ta tawada: kimanin kashi biyu cikin uku na cinikin sashen firintar HP daga tawada da tona yake, ba daga injin ba. Shi ya sa suke sa wa katirij ɗinsu ɗan guntun cif da ke gane na asali. Duk shagon buga takardu da ke sake cika tsohon katirij, a nan ainihin ribar kamfanin yake taɓawa.

Malam Odita ya ƙara:

Alhaji ya yi bayani mai kyau. Abu ɗaya zan sassauta: hawan haja ba kullum alamar kaya sun kwanta ba ne. Wani lokaci da gangan kamfani ke tara RAM da furosesa idan ya hango tsada ko ƙarin harajin shigo da kaya. Ƙarin bayanan lissafi suna raba hajar zuwa kayan haɗi da kayan da aka gama. Ta biyun ce abin tsoro idan ta kumbura.

Batun Apple, ba ka gan shi ba ne domin babu shi. Apple yana raba sassansa ne ta yankunan duniya. Yana faɗin cinikin Mac, wanda ya kai kusan dala biliyan 30 a 2024, ƙasa da kashi 8 na jimillar 391, amma ba ya faɗin ribar Mac, kuma tun ƙarshen 2018 ya daina faɗin yawan da ya sayar. Tsantsar ribarsa ta biliyan 93.7, wato kashi 24, mafi yawanta ta iPhone ce da hidimomi. Ɗanyar ribar da ya bayyana a 2024, wato ciniki bayan an debe kuɗin kayan, ta na'urori duka a dunƙule, kashi 37, ta hidimomi kuma kusan 74. Ka kwatanta da ɗanyar ribar HP da Dell, kashi 22, da ta Lenovo, 16 zuwa 17. Akwai dalilin da zai sa a yi zaton Mac ta fi takwarorinta riba, tunda ba a biyan Microsoft, kuma tun Nuwamban 2020 da aka fito da furosesan M1 Apple ke tsara furosesansa. Amma zato ne, kada ka sa masa lamba.

Abin da za ka iya fitarwa shi ne matsakaicin farashi. Raba biliyan 30 da Mac kusan miliyan 23, ya ba ka wajen dala 1,300. HP, biliyan 36.2 a kan miliyan 53, wajen dala 680. Na Dell zai haura 1,200, amma kada ya ruɗe ka, domin cinikin sashen ya haɗa da allunan kallo, manhajoji da kuɗin garanti, waɗanda ba sa cikin ƙidayar kwamfutoci.

Shawarata ka sa Apple a tebur na dabam, ciniki da matsakaicin farashi kawai, ka cike gurbinsa a babban teburin da Asus ko Acer. Acer ya fi kusa da mai sayar da kwamfuta zalla. Su biyun suna bin shekarar Janairu zuwa Disamba, suna kuma sanar da cinikin kowane wata kafin 10 ga wata mai bi, kamar yadda dokar kasuwar Taiwan ta tanada. Lissafinsu da dalar Taiwan yake. Kason riba da kwanakin da Hajiya ta koya maka ba sa buƙatar canji, tunda sama da ƙasa kuɗi ɗaya ne. Inda za ka kwatanta girma ne kawai za ka canza: ciniki da riba da matsakaicin farashin canji na shekarar, kadara da bashi kuma da farashin ranar rufe littafi.